Kushewun waɗanda hanya ta ci: wa ya san inda suke?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon malamai da dattawan da ke cikinmu su tanka, kada a bar ta ga yara kaɗai.

Duk wanda ya taɓa bi ta maƙabartar Nasara ta garin nan ya ga kushewu ginannu, wasu tun zamanin da Zinder ke babban birni, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Mutanen nan ba su da dangi ko ɗaya a Damagaram, amma makwancinsu bai ɓata ba. Mu da muke ƴan gari, mutum nawa ne a cikinmu zai iya nuna kushewar kakansa? Wanda ya cika a kan gadonsa ke nan, balle wanda mota ta kife da shi a daji. Ƙanen mahaifiyata ya rasu a haɗarin kamiyo kan hanyar Tanut, zamanin Kunce. Mutanen wani ƙauye na bakin hanya suka yi musu sutura, shi da abokan tafiyarsa. Waɗanda suka je daga gidanmu suka ga wurin, duk sun bi shi. Yau ƴaƴansa sun yi furfura, suna son su je su yi masa sallama, ba wanda ya san wurin. Ko sunan ƙauyen ma gardama ake yi a kai.

Laifi ne a sa alama da suna a kan irin waɗannan kushewu? In laifi ne, ta wace hanya za a riƙe su?

Hajiyar Sabon Gari: Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu baki ɗaya. Ka taɓo inda ke mana ciwo, ɗana. Babu gidan da hanyar nan ba ta yi wa giɓi ba.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Yaya, da farko dai bai kamata mu ɗauki Nasara abin awo ba a sha'anin kabari. Hadisin Jabir yana nan a Muslim: Manzon Allah (SAW) ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ya hana a zauna a kansa, ya hana a yi gini a kansa. A ruwayar Tirmizi an ƙara da hana rubutu. Kuma Sayyidina Ali an aike shi kada ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Mamaci addu'a yake buƙata, kuma addu'a tana isa gare shi ko daga ɗakinka ka yi ta. Kabarin da ya shafe bai rage wa mai shi komai ba.

Ɗan Birni: Ban ce a yi ƙubba ba, ƙanena. Alama na ce.

Malamin Garin Malam: Ɗalibi ya kawo gaskiya, amma rabinta ya kawo. Gini da ado da fariya, waɗannan ba mai gardama a kansu. Alama kuwa tana da asali. Da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu a Madina, Annabi (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya aje wajen kansa, ya ce don ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma rufe wanda ya rasu cikin iyalinsa kusa da shi. Abu Dawuda ya ruwaito. A mazhabarmu ta Malikiyya, littafin Muhtasar na Halil ya halatta dutse ko itace don bambancewa, da sharaɗin babu zane a jiki. Ke nan dutse halal ne, rubutun ne malamanmu suka ƙi. Akwai malaman wasu mazhabobi da suka sassauta kan suna kaɗai in ana tsoron kabarin ya ɓata, amma ni abin da na karanta gaban malamaina shi nake faɗi.

Mu kuma Allah ya zaunar da mu a garin duwatsu. Wanda ya rasa dutse a Zinder bai nema ba.

Ɗalibi: Na karɓa, Malam. Dutse ba rubutu, ba ni da ja.

Ɗan Birni: To Malam, Allah ya gafarta, dutse ba suna, bayan wanda ya aje shi ya rasu, wa zai ce na wane ne? Nan fa matsalar take.

Tsohon Direba: Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗi. Ku yi haƙuri in ya yi tsawo.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda abin yake ba. Lokacin da muke jan kamiyo tsakanin nan da Agadas, babu salula. Mota ta faɗi da hantsi, sai wata motar ta zo wucewa kafin a sani, wani lokaci sai washegari. Ga rana. Gawa ba ta jiran dangi a watan bazara. Mutanen ƙauyen da ya fi kusa su ne uwa su ne uba: su kawo ruwa a jaki, su haɗa ƙyallen likkafani, wani ya ciro sabon yadin da ya aje don kansa, limaminsu ya yi salla, a gina kushewu a jere nan gefen hanya. Wanda aka samu takarda a aljihunsa, jandarma su rubuta. Wanda ba a samu ba, sai a ce "baƙo mai jar hula", "yaron mota", "tsohuwa mai goyo". Labari kuwa direba ne ke kawo shi tasha, daga tasha ya shiga gari. Kafin dangi su iso an kwana uku, sai dai a nuna musu tudun ƙasa.

Alama ana sawa, kada ku ce ba a sawa. Abin da motar ta bari shi ake kafawa: taya, ƙarfen ƙafa, guntun ƙofa, wani lokaci fasasshen tulu daga ƙauyen. A sa ƙaya saboda kura da karnuka. Mu direbobi mun san wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. In mun kawo kusa sai a rage wuta, yaron mota ya daina surutu, kowa ya karanta ƙulhuwallahu. In akwai sabon yaro a motar a gaya masa: nan su wane suke kwance, taya ce ta fashe musu, kaya sun yi yawa a sama. Haka muka riƙe su, da baki.

Abu biyu suka kashe wannan. Na ɗaya, da aka zo zuba gudro, ba ko'ina sabuwar hanya ta bi sawun tsohuwa ba. Kushewar da ke bakin hanya sai ta koma can cikin gona, ko bayan tudu, mai wucewa ba ya ganinta. Na biyu, masu sayen tsohon ƙarfe. Duk ƙarfen da muka kafa sun tsince shi sun kai sikeli. Ban ce sun san na kabari ne ba, Allah ya sani. Sauran kuma rairayi ya gama da su, kun san arewacin Tanut, iska ɗaya ta isa.

Yaran da ke jan manyan bas yanzu suna wuce wuraren nan da gudu, da kiɗa a kunne. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya nuna musu.

Hajiyar Sabon Gari: Allahu akbar. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ban taɓa sanin ana rage gudu don su ba.

Ɗan Birni: Baba, cikin waɗanda kuka yi zamani da su, akwai sauran masu rai da suka san wuraren?

Tsohon Direba: Akwai, amma ba mu da yawa. Wasu ido ya tafi, wasu hankalin ya fara gushewa. In za ku tambaya ku tambaya yanzu.

Majo: Bari in sa baki ta ɓangaren aikinmu. Yau abin ya canza, amma bai canza duka ba. In haɗari ya faru jandarma na zuwa su yi konsta, wato su rubuta rahoton haɗarin, ƴan kwana-kwana ko ambilans su kwaso mutane, a kira dangi ta lambar da ke cikin salular mamacin. Mafi yawa ana kai su gida. Amma har yanzu akwai wanda ba kati, ba waya, ko wuta ta ci komai. Irin wannan in an jira ba a ga kowa ba, hukuma ke ba da izini a rufe shi. Takarda tana cewa wane ya rasu, rana kaza, wuri kaza. Abin da ban taɓa gani a takarda ba shi ne: an rufe shi a maƙabarta kaza, layi kaza, kusa da wane. Wannan yana kan mai ginan kabari kaɗai. Ranar da ya kwanta dama, shi ke nan.

Ko a cikin gari haka ne. Ku je bayan damina biyu ku nemi kushewar da kuka rufe da hannunku. Ƙasa ta zauna, ciyawa ta rufe, an yi sababbi kewaye da ita, icen da ka yi alama da shi an sare.

Mushe Mai Ritaya: Tunda ana maganar tunawa, akwai misali a cikin ƙasarmu da ya kamata matasa su sani. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA na Faransa, ƙirar DC-10, ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Njamena, zai tafi Paris, ya tarwatse a saman hamadar Tenere. Mutum 170, ba wanda ya fita. A 2007 iyalansu suka dawo cikin hamadar, suka haɗu da mutanen yankin, suka jera baƙaƙen duwatsu suka yi babban da'ira da siffar jirgin a tsakiya, suka kewaye da fasassun madubai 170, kowane mamaci ɗaya. Suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen a jiki. Wanda ke da intanet ya duba taswirar tauraron ɗan'adam, ana ganinsa daga sama. Shekara 18 bayan abin, mutanen nan ba su haƙura ba.

Ɗan Zango: Mushe, wannan ai ba haɗari ba ne, bam aka sa. Kotun Faransa ta yanke wa ƴan Libiya shida hukunci a bayan idonsu a 1999.

Mushe Mai Ritaya: Haka ne, bam ne. Abin da ya sa na kawo shi, can ba kabari ba ne, wurin tunawa ne kawai. Ke nan ana iya raba suna da kabari: kabari ya zauna yadda shari'a ta ce, suna a aje shi wani wuri.

Ɗalibi: Mushe, da girmamawa, irin wannan ginin tunawa ba al'adar Musulmi ba ce. Daga nan ake farawa. Mutanen Annabi Nuhu da siffofin mutanen kirki suka fara, don tunawa kawai, jikoki suka zo suka bauta musu.

Ɗan Zango: Haba Ɗalibi. Wa zai je tsakiyar Tenere ya bauta wa fiffiken jirgi?

Mai Zaure: A yi a hankali. Kowa ya faɗi hujjarsa ba tare da ba'a ba.

Ƴar Kance: Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye. Ku kuna maganar dutse ko rubutu, mu namu ko tudun ƙasar ba mu gani ba.

Kun tuna Oktoba 2013. Motoci suka tashi daga Arlit za su Tamanrasset, suka lalace a hamada kafin iyakar Aljeriya, ruwa ya ƙare. Gawa 92 aka tsinta, yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen ɓangarenmu na Kance. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Inda aka same su nan aka rufe su, don ba yadda za a ɗauko su. Har da ƴar gwaggona da ƴaƴanta a ciki. Uwarta har ta koma ga Allah tana tambayar duk wanda ya dawo daga arewa ko ya bi ta wurin, ko an sa musu ƙaya. Ba ta taɓa cewa a gina musu komai ba. So take wani ya ce mata "na gani, suna nan."

Abin da ya fi ƙona mini rai, yau in ka tambayi yaran da suka taso bayan nan, ba su san an yi ba. Kuma har gobe mata na bin hanyar da goyo.

Hajiyar Sabon Gari: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ku haƙuri, ƴata.

Majo: Allah ya sa sun huta.

Malamin Garin Malam: Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Ƴata, ki riƙe wannan. Allah ya faɗa a ƙarshen suratu Luƙman cewa babu rai da ya san a wace ƙasa zai mutu. Ƙasar da ta kira su ita ta karɓe su, kuma ba su ɓace wa Mai su ba. Hadisi ya lissafa shahidai bayan na fagen fama: wanda annoba ta kashe, mai ciwon ciki, wanda ruwa ya ci, wanda gini ya faɗa wa, a wata ruwayar har da wanda wuta ta ƙona. Malamai da yawa na wannan zamani suna sa ran wanda mota ta kashe ya shiga cikin masu rushewa ta hanyar ƙiyasi. Muna kyautata zato ga Allah game da naku su ma. Sadaka da addu'a suna riskarsu, ko an san wurin ko ba a sani ba.

Ƴar Kance: Na gode Malam, na kuma yarda. Amma tsohuwar nan ba fatawa ta rasa ba, an yi mata ita tun ranar farko. Zuciya ce.

Malamin Garin Malam: Gaskiyarki. Shari'a ma ba ta raina wannan ba. Annabi (SAW) ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Ya fita zuwa ga shahidan Uhudu bayan shekara takwas ya yi musu addu'a kamar mai bankwana. Matar da ke sharar masallaci ta rasu aka rufe ta da dare ba a gaya masa ba, da ya ji sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Ku lura, cewa ya yi a nuna masa. Da ba wanda ya riƙe wurin, da me za a nuna? Shi ya sa ban yarda da cewa sanin wurin kabari aikin banza ne ba. Ba wajibi ba ne, amma ba banza ba ne.

Ɗalibi: Ban ce banza ba ne, Malam. Tsorona abin da ke biyo baya. Mun ga inda ake zuwa kabari a ɗebi ƙasa, a roƙi mai shi haihuwa.

Malamin Garin Malam: Wannan a kabarin wanda ake ce wa waliyyi ake yi, ɗana. Ban taɓa jin an je neman haihuwa wurin yaron mota ba. Waɗannan da muke magana a kansu, matsalarsu ba yawan masu ziyara ba ce.

Hajiyar Sabon Gari: To ni ma ina da tawa. Duk wannan zance na maza ne. Ku ke ɗaukar makara, ku ke rufewa, ku ke dawowa ku ce mana "an kai shi." Mace ta haifi ɗa, ta yi takabar miji wata huɗu da kwana goma, amma ba ta san gabas ko yamma yake kwance ba. Maigidana ya rasu a kan hanyar Magarya yana dawowa daga cin kasuwa, an kawo shi gida an rufe shi a nan garin, amma ni har yau ban san wurin ba. Ƙannensa da suka sani, ɗaya ya rasu, ɗaya yana Libiya. In da mata na zuwa, da ba a manta ba, don mu ba mu mantuwa da irin wannan.

Ɗan Zango: Hajiya ta fasa ƙwai.

Ɗalibi: Inna, akwai hadisin la'anar mata masu yawan ziyarar kabari.

Mushe Mai Ritaya: Akwai kuma cewa Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) me za ta ce in ta ziyarci kaburbura, ya koya mata. Ta kuma ziyarci kabarin ɗan'uwanta Abdurrahman. Ni ba malami ba ne, amma wannan na ji shi a wa'azi ba sau ɗaya ba.

Kabu-kabu: Ni dai a ganina duk wannan ba shi ne ba. A gyara hanyoyi! A hana lodin da ya wuce ƙa'ida, mutane a saman buhu kamar kaji. A hana direba tuƙin kwana biyu ba barci. Muna zancen tsofaffin kushewu alhali kowane wata ana gina sababbi. Ko tankar da ta fashe a Yamai kusa da filin jirgi a Mayu 2019, mutum fiye da 50 suka ƙone suna kwasar esans, an daina kwasa?

Mai Zaure: Maganarka gaskiya ce, amma ta cancanci zaurenta daban. Mu tsaya kan wadda aka buɗe.

Tsohon Direba: A bar yaron, bai kauce sosai ba. Lokacin da ake nuna mana kushewun nan muna samari, ba don addu'a kaɗai ba ne. Maigidana in mun zo wata kwana sai ya ce: ka ga waɗancan? Direbansu ya fi ka iya tuƙi. Wallahi ƙafata da kanta take sauka daga kan totur. Babu allon gefen hanya da ya taɓa yi mini wa'azi irin wannan.

Ɗan Zango: Ni a Kano nake zaune yanzu, kuma abin da Ƴar Kance ta faɗa na mantuwa haka yake a nan. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya faɗi wajen sauka a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. A Yuli 1991 wani ya kama wuta bayan tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato, mutum 261, ba wanda ya tsira. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, amma tare matashi a kasuwar Kwari ka tambaye shi. In abin da duniya duka ta ji ya shafe haka, ina ga kamiyon da ya kife tsakanin Takeita da Matamai?

Mushe Mai Ritaya: To ga shawara, ku duba ta. Tunda rubutu a kan kabari ne ake saɓani a kai, a bar kabari da dutsensa. A sayi kaye, wato littafin rubutu, babba mai kauri. A rubuta: wane ɗan wane, mutumin unguwa kaza, ya rasu a haɗarin mota a hanya kaza, zamanin kaza, an rufe shi a ƙauye kaza, gabas da rijiya ko arewa da tsamiya, waɗanda suka shaida su wane da wane. Yanzu kowace babbar salula tana iya ɗaukar lambobin wuri, yaro ya tsaya kan wurin ya danna, a rubuta lambobin a gefe. Ko iska ta binne dutsen, lamba ba ta motsi. Malam, Ɗalibi, akwai haramci a nan?

Ɗalibi: Babu. Malaman tarihi sun rubuta inda sahabbai da yawa suka rasu da inda aka rufe su. Wannan ilimi ne, ba gini ba. Ni da kaina zan riƙe biro.

Malamin Garin Malam: Madalla. Akwai ma wata fa'ida da ba a ambata ba. Kabarin Musulmi yana da alfarma, ba a noma a kansa, ba a gini, ba a taka shi. Kushewun bakin hanya da yawa yau suna cikin gonakin mutane, mai gonar ya gada ne bai sani ba. Gari kuma yana faɗaɗa, ana yanka filaye. Sau nawa aka zo ginan tushen gida aka ci karo da ƙashi? In akwai rubutu a hannun mai gari da liman, ana iya cewa nan kada a taɓa.

Majo: Sai dai a yi kwafi biyu ko uku. Na ga abin da gara da ɗigon ruwa ke yi wa takarda a ma'ajiya. Ɗaya wurin liman, ɗaya wurin mai unguwa ko mai gari, a kuma ɗauki hoton kowane shafi.

Kabu-kabu: A kai meri mana, ofishin magajin gari, ba aikinsu ba ne?

Ɗan Zango: In ka jira sai an kafa kwamiti an nemo kuɗin zama, su Baba sun riga mu gidan gaskiya. A fara, in ya yi kyau hukuma ta biyo baya.

Tsohon Direba: Ina da gargaɗi ɗaya. Mu tsofaffi muna rikicewa. Zan ce maka gabas da hanya, abokina ya rantse yamma ne, kuma dukanmu muna wurin ranar. Kada ku rubuta maganar mutum ɗaya ku ce ita ce. Ku je ƙauyen ku nemi wanda ya yi ginan ko ɗansa, su suka fi mu sani, don mu wucewa muke, su kuwa da su suke kwana. Kuma in kun je kada ku tafi hannu sake. Mutanen nan sun yi wa naku sutura ba ku biya su ko dala ba. Goro da sukari ba su fi ƙarfinku ba.

Malamin Garin Malam: In an yi iyakar ƙoƙari aka gane jeren amma ba a gane wanne ne a ciki ba, ba komai. Sallamar da aka koya mana ta jam'i ce: assalamu alaikum ahlad diyari minal muminina wal muslimin. Ka tsaya ka yi wa duka, naka yana ciki.

Ƴar Kance: Namu fa, da ba mai iya zuwa? Su ma za a sa su a kayen?

Mushe Mai Ritaya: Su za a fara sawa. Suna, ƙauye, shekara, da cewa suna kwance arewa da Arlit. Amma wannan ku ne za ku tattaro, gida gida, kuma da yardar iyalan. Akwai waɗanda har yanzu ba sa son a ce nasu sun tafi Aljeriya yawon bara. Wanda ya ce a bar nasa, a bar shi.

Ƴar Kance: Akwai su kam. Zan fara da gidanmu in ga yadda za a karɓa.

Tsohon Direba: Wanda ke son na hanyar Tanut da Agadas ya same ni ranar Juma'a bayan la'asar, Mai Zaure ya san gidan. Zan aika a kira mini abokina guda da ya yi hanyar Gure da Difa, in jikinsa ya yarda. Ku zo da kayenku da mai saurin rubutu, kuma ku zo da haƙuri, don sai na bi tasha tasha kafin sunaye su dawo mini.

Ɗalibi: In sha Allah ina nan tafe, Baba.

Hajiyar Sabon Gari: Duk na ji, Allah ya ba da iko. Amma Malam, an tsallake tambayata. Mushe ya kawo nasa, yaron nan ya kawo nasa, kai ba ka ce komai ba. In na sa jikana ya nemo mini wurin maigidana, in je ko kada in je?

Malamin Garin Malam: Ban tsallake ba, Hajiya, an kira salla ne. Maganar tana da tsawo kuma malamai sun kasu a kanta, ba na son in ba ki ita guntu-guntu. Ki bari in dawo daga masallaci.